Akwatin da Ba Ya Ƙugi

Mai Kwalabe ya cusa hannun hagunsa cikin aljihun wando kafin ya kai na dama cikin akwatin. Ƙa'idar farko ke nan a sana'arsa. Amfilifayar jita, wato akwatin ƙara sauti, irin ta kwalabe takan riƙe wuta a cikinta ko an zare ta daga bango, kuma duk wanda ya sa mata hannu biyu, wutar ta ɗaya za ta shiga, ta ratsa ƙirji, ta fita ta ɗayan. Ya maƙala wayar sauke wuta, ya tsura wa allurar mita ido har ta kwanta, sannan ya ja numfashi.

"Ki zauna mana," ya ce, bai ko juyo ba.

Matar ƙanensa Auta ba ta zauna ba. Tun da mai gangan ƙungiyar kiɗan mijinta ya taya ta sauke akwatin daga motar haya ya tafi, tana nan tsaye a bakin ƙofar shagon da kayan da ta kwana da su a asibiti.

"Yaya, ka duba kawai," ta ce. "Kowa yana cewa shi ne. Ni dai so nake in ji daga bakinka."

Jiya da la'asar abin ya faru. Auta, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, yana gwajin kiɗa a zauren otal ɗin da ƙungiyarsu ke wasa. Hannunsa yana kan tsirkiyoyin jita, ya kai baki ga makirufo zai yi magana, sai wuta ta kama shi. Ya sandare a tsaye, abokansa suna dariya sun ɗauka iya shegen da ya saba ne, har sai da mai ganga ya ga idanunsa ya rarumi kujerar roba ya maka masa. Zuciyarsa ta tsaya a hanya, likitoci suka tayar da ita, amma shi bai tashi ba. Jitar kuwa a jone take da wannan akwatin, wanda Mai Kwalabe ya ƙera da hannunsa ya ba ƙanensa kyauta.

"Koma wajensa," ya ce mata. "In na gama zan zo da amsa. Kome na gani zan faɗa, ko da a kaina ya faɗo."

Ta kalli akwatin, sannan ta gyara mayafi ta fita.

Shagon ɗan ƙarami ne, warin dalma da na katako sun kama bangonsa. Kwalaben gilashi da suka jawo masa laƙabinsa suna jere a kan kanta, kowacce a naɗe cikin auduga. A zamanin da kowa ke sayen amfilifaya ta roba mai arha, shi ya kafe a kan tsohuwar hanya: ya yanka katako da kansa, ya huda ƙarfe da kansa, ya ja kowace waya a miƙe, ya ɗiga dalma tana sheƙi. A shekara 'yan kaɗan yake ƙerawa, makaɗa kuma daga nesa suke zuwa su yi layi. Sun san hannunsa, sun kuma san halinsa. Kana iya zagin gemunsa ya yi dariya, amma ka ce akwatinsa yana da aibi, to ranar za ka san hanyar ƙofa.

Na Auta ya fi kowanne cin lokacinsa. Tsofaffin kwalaben da ya ɓoye shekara da shekaru, waɗanda ya hana manyan makaɗa, su ya zuba masa. Ranar da ya miƙa masa, Auta ya rungumi akwatin yana tsalle kamar yaro, shi kuwa ya ɗaure fuska ya ce kada a zubar masa da lemo a kai.

Yanzu ga shi a buɗe a gabansa, shi kuma tsoro ya kama shi. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da ɗan tsinken katako yana taɓawa. Ya duba taransifoma, lafiya lau. Ya duba gindin kowace kwalba, babu ƙuna, babu tsatsa. Sai da ya zo inda igiyar wuta ke shiga jikin ƙarfen ya ga ɓarnar. Robar da ke kare igiyar ta cinye, bakin ƙarfe ya yanki wayar wuta, jan ƙarfenta tsirara yana gogar jikin akwatin. Auta ke nan da jan igiya daga nesa, an faɗa masa har an gaji.

Amma wannan kaɗai ba ya kashe mutum, don irin wannan ranar aka yi wayar ƙasa. Ita ce koriyar waya ta uku da ke cikin igiya, wadda in wuta ta ɓalle ta hau ƙarfe, take kwashe ta ta kai ƙasa, fis ya ƙone nan take, komai ya mutu. Ya zaro fis ɗin ya ɗaga shi a haske. Lafiyarsa ƙalau, ko baƙi bai yi ba.

Idan wayar ƙasa ba ta yi aikinta ba, to ɗaurinsa ne ya kwance, kuma shi ya kwantar da ƙanensa. Ya kama ƙusar da ya ɗaure ta da filaya ya girgiza, tana nan daram. Ya ɗora bakin mita ɗaya a kan ƙarfen, ɗaya a kan doguwar ƙafar filogi. Allura ba ta motsa ba. Ya sake, ba ta motsa ba.

Ya ɗauki sukundireba ya kwance filogin.

Koriyar wayar ba ta tsinke ba, cire ta aka yi. An zare ta daga mazauninta, an lanƙwasa ta baya, an naɗe bakinta tsaf da shuɗin salatif. Wannan salatif ɗin kuwa kowa ya san shi, da shi Auta ke yi wa kayansa alama, daga igiyar jita har cajar salula, don kada abokan kiɗa su yi gaba da su. Naɗin ma irin na shagon nan ne. A 'yan watannin da Auta ya taɓa yi yana koyon aiki a nan kafin ya gudu ya bi jita, wannan naɗin kaɗai ya koya da kyau.

Mai Kwalabe ya zauna daɓas a kan kujera. Abin da ya fara zuwa masa daɗi ne, daɗi ƙarara, har ya ji bakinsa yana cewa alhamdu lillahi. Ƙanensa yana kwance rai a hannun Allah, shi kuwa yana murna aikinsa ya fita. Ya ji kunyar hakan, amma kunyar ba ta kori daɗin ba. Ya cire igiyar gaba ɗaya, ya naɗe ta, ya sa a jaka, ya rufe shago.

A cikin bas wata magana ta yi ta taɓa shi yana ture ta. Auta ya zo masa da akwatin nan kwanakin baya, ba sau ɗaya ba, yana cewa yana ƙugi. Kowane zuwa sai ya jona shi a shago, ya murɗa shi har ƙarshe, su kasa kunne su biyu, shiru kake ji. "Ina ƙugin?" ya tambaye shi. "A zauren yake yi, Yaya." "To zauren za ka kai wa mai gyara." Ya tuna wannan, ya ce a ransa ai gaskiya ya faɗa, ya mai da ido kan titi.

Barandar asibitin cike take da dangi. Da suka hango shi hira ta mutu. Waɗanda jiya suke kiransa injiniya yau da ƙyar suka amsa sallamarsa, wata gwaggo ma ta kau da kai tana gyara ɗaurin kallabi. Ya wuce su ƙirjinsa a buɗe, jakarsa a hammata.

Auta yana kwance, roba a hanci, roba a baki, na'ura tana numfashi a madadinsa. An naɗe hannun hagunsa da bandeji, leɓensa na ƙasa ya ƙone ya yi baƙi. Inna, mahaifiyarsu, tana zaune a gefen gadon riƙe da yatsun ƙafarsa, don nan ne kaɗai babu allura. Matar Auta tana tsaye jikin bango.

"Babba," in ji Inna, haka take kiransa tunda ba ta faɗin sunan ɗan fari. "Sun ce abin da ka ƙera masa ne. Na ce su bari ka zo."

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya zaro igiyar ya buɗe filogin a tafin hannunsa. Ya yi bayani dalla-dalla, kamar yadda yake yi wa masu saye. Ga wayar da ke tsare rai, ga inda ya ɗaure ta, ga inda aka cire ta. Ya nuna shuɗin salatif. Muryarsa ta ɗan ɗaga yadda na baranda za su ji, kuma sun ji, don har wasu sun leƙo.

"Da wayar nan tana wurinta, Inna, fis ne kawai zai ƙone. Ko yatsansa ba zai ji ba. Ni aikina ba ya kisa."

Inna ta daɗe tana kallon salatif ɗin. Ta san shi, akwai irinsa a jikin rediyon da Auta ya ba ta.

"Shi da kansa ke nan," ta ce a hankali.

"Shi da kansa."

Ta juya ga wanda ke kwance, ta matsa yatsun ƙafarsa. "Kai Auta, kai Auta. Kullum gaggawa, kullum ba ka jin magana." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Mai Kwalabe ya ga ya sami abin da ya zo nema, amma bai ji daɗin da ya ji a shago ba. Ya naɗe igiyarsa ya fito, dangi suka buɗa masa hanya, gwaggon nan har da cewa sannu.

A bakin matakala matar Auta ta cim masa.

"Yaya."

Ya tsaya.

"Ni na riƙe masa filogin nan yana kwancewa. A tsakar ɗakinmu, da wuƙar kicin. Ban san abin da ake cirewa ba, da na sani da na haɗiye wuƙar." Muryarta ba ta rawa, ta riga ta yi kukanta ta gama. "Ranar daga shagonka ya dawo. Ko abinci bai ci ba. Manajan otal ya ce masa in ƙarar nan ba ta daina ba, wasu makaɗan zai kawo, baƙi suna ƙorafi. Ya roƙe ka ka bi shi zauren ka ji da kunnenka. Ka tuna abin da ka ce masa?"

"Na ce akwatina ba ya ƙugi. Kuma ba ya yi."

"Ka ce hannunsa ne ke ƙugi. Ka ce ya koyi kiɗa tukuna kafin ya koya maka aiki. A gaban mutane ka faɗa, suka yi dariya." Ta gyara mayafinta. "Wani mai kayan sauti ne ya ce masa in ya cire koriyar waya ƙarar za ta tafi. Na ce ya tambaye ka mana. Ya ce shi ba zai sake kai wa Yaya akwatin nan ba, kunya yake ji."

"Ni zai ji wa kunya? Da ya tambaye ni ai da na..."

"Da ka ce me, Yaya?"

Ta koma ciki ta bar shi riƙe da ƙarfen matakala.

Haushi ne ya kai shi shago, ba nadama ba. Yarinyar da aka auro jiya jiya ita za ta tsare shi a matakala? Ya zaro sabuwar igiya mai wayar ƙasa lafiyayya, ya sa sabuwar roba a bakin ƙarfen, ya ɗaure komai yadda ya fito daga hannunsa ranar farko. Ya kunna. Kwalaben suka ɗauki ja a hankali, ya murɗa sauti har ƙarshe, ya kafa kunne a jikin lasifika. Shiru, in ban da ɗan hucin da kowace kwalba ke yi. Ya gyaɗa kai. Zai kai shi zauren, ya kunna shi a gaban duk wanda ke nan, a daina ɗora masa abin da bai yi ba. Ya zuba kayan aikinsa a jaka, ya ɗauki akwatin, ya tare motar haya.

Zauren otal ɗin babu kowa sai wani dattijo mai kula da shi, yana jera kujeru. Da ya ji ko wane ne, sai ya ajiye kujerar ya yi masa jaje, ya ce yaron kirki ne, kullum sai ya tsaya sun yi barkwanci. Ya nuna masa dandamalin. Kujerar robar da aka maka wa Auta tana gefe, ƙafarta ɗaya a karye. Jitar ma tana nan jingine, ba wanda ya yarda ya taɓa ta, shuɗin salatif a wuyan igiyarta.

"A ina yake jonawa?"

"Ga soket ɗinsa can, bayan labule. Kullum nan ne."

"Kunna min komai yadda kuke yi in ana wasa. Fitilu, firij, komai."

Dattijon ya bi bango yana danna makunnai. Fitilu masu launi suka kama, manyan firij na wajen sayar da lemo suka ɗauka. Mai Kwalabe ya auna soket ɗin da mita, ya auna makirufo, sannan ya jona akwatin ya jona jitar. Ya tsaya hannu a ƙugu yana jiran kwalaben su yi zafi.

Tun kafin ya taɓa maɓallin sauti ya fara jin sa. Ƙasa-ƙasa ya taso, mai kauri, kamar an rufe ƙudan zuma a cikin tulu. Ya murɗa kaɗan, ƙugin ya cika zauren, har gilashin tagogi yana amsawa. Ya kashe ya sake kunnawa. Ya canja igiyar jita. Ya zare jitar gaba ɗaya, ba hannun kowa a kai, ƙugin yana nan.

"Yawwa, shi ne wannan!" in ji dattijon daga ƙasa, da murnar wanda ya gane tsohon sani. "Haka yake yi. Yaron nan ya sha wahalarsa, wallahi. Wani lokaci sai ya durƙusa a gabansa yana roƙonsa kamar mutum, mu yi ta dariya. Sai kwanan nan ya zo ya ce ya samo maganinsa."

Mai Kwalabe ya ɗauko sukundireba. Kunnensa ya riga ya gaya masa inda ciwon yake, tun kafin ya kwance murfin. A kowane akwati da ya taɓa ƙerawa, a ƙusa ɗaya yake ɗaure wayar ƙasa da baƙar wayar da ke fitowa daga ramin da ake jona jita. Haka ya saba, don ya fi kyan gani, kuma yana alfahari da shi. A shagonsa, inda ya ja wutarsa da hannunsa, wayar ƙasa tsabtatacciya ce. A nan kuwa ita ke kwashe dattin wutar firij da ta fitilu, ta kawo shi ta zuba daidai bakin kwalbar farko, ita kuma ta busa shi. Duk wanda ya tsaya a ɗakin nan da kunne irin nasa zai gane haka nan take.

Ya zare filogi, ya cusa hannun hagu a aljihu, ya sauke wutar. Ya jona ƙarfen dalma ya jira ya yi zafi. Ya ɗaga baƙar wayar daga ƙusar, ya matsar da ita kamar taƙi ɗaya, ya ɗaure ta ita kaɗai kusa da ramin jita, ya ɗiga dalma. Ko dattijon bai gama jera layin kujerun da ya fara ba.

Ya mayar da filogi ya kunna. Kwalaben suka yi ja. Ya murɗa sauti rabi, ya murɗa har ƙarshe. Fitilu suna ci, firij suna aiki, koriyar waya tana mazauninta, akwatin kuma ya yi tsit.

Dattijon ya matso bakin dandamali ya karkata kai yana saurare, sannan ya tafa hannu.

"Ikon Allah! Ashe ɗan wannan ne kawai? Kai, malam, hannunka yana da kyau. Ai shi ma yaron kullum faɗi yake, duk garin nan babu kamar yayansa."

Mai Kwalabe yana durƙushe a gaban akwatin, daidai inda aka ce Auta yakan durƙusa. Hannun hagunsa yana cikin aljihu har yanzu, a kan salularsa, sai ya ji ta fara rawa a tafinsa. Ta yi ta yi ta katse, ta sake ɗauka. Ya san daga asibiti ne.

"Malam, kamar kiranka ake yi," in ji dattijon.

"Na ji," ya ce, bai fito da hannun ba.